Sana'ar da Ba Ta da Sarki: Tarihin Masu Jinyar Tsofaffi a Gana



Duk wanda ya tashi a zango ya san cewa Bahaushe ba ya barin sana'a babu shugaba. Mahauta suna da Sarkin Fawa, wanzamai suna da Sarkin Aska, maƙera da magina da makaɗa kowa da nasa. Hatta makafi, a manyan garuruwan ƙasar Hausa, an naɗa musu sarki. Kakanninmu da suka biyo hanyar Gwanja fataucin goro sun taho da wannan tsari a ka, suka dasa abin da ya dasu a Salaga da Kumasi da Ankara. Sai dai akwai aiki guda da ake yi cikin gidajenmu dare da rana, wanda ba a naɗa masa sarki ba, ba a ma raɗa wa mai yinsa sunan sana'a ba, wato jinyar tsohon da ƙarfinsa ya ƙare. Mai karɓar haihuwa ungozoma ce. Mai ɗora karaya maɗori ne. Ita kuwa wadda ta shekara bakwai tana ɗaga tsohuwa tana kwantarwa, tana wanke ta, tana ba ta kunu a baki, in an tambaya sai a ce ai 'yar gidan ce.

Da tsofaffi kaɗan ne, wannan ba zai dame mu ba. Amma ƙidayar 1960 ta sami mutum 213,477 da suka kai shekara 60 ko suka haura a Gana, ta 2021 kuwa ta sami 1,991,736. Cikin shekara sittin da ɗaya adadin ya ninka fiye da sau tara. Hannayen da ke ɗaukar wannan nauyi a gida ba su ƙaru haka ba. Sun ma watse ne, wasu makaranta, wasu kasuwa, wasu ƙasashen waje.

Mu fara daga cikin gida, domin can ne makarantar farko ta wannan aiki.

Mukan ce a da 'ya'ya ne ke riƙe iyayensu, kuma gaskiya ne ta fuskar ci da sha da sutura. Amma ciyarwa daban, wanke jiki daban. Al'adarmu ta kunya ita da kanta ta rage yawan waɗanda za su iya kusantar jikin tsoho. Ɗan fari, wanda uwa ba ta ko ambaton sunansa, ba shi ake sa ran zai shiga ɗaki ya canja mata zane ba. Matar ɗa tana dafa wa surukinta abinci ta aika, amma tsakaninsu akwai labule. Addini kuma ya shata iyaka kan al'aura. Saboda haka in tsoho ya kwanta, matarsa ce ke jinyarsa, yawanci ƙaramar cikinsu, kuma ba sirri ba ne cewa wasu aurarrakin da dattawa kan yi a ƙarshen rayuwa lissafin jinya ne ke ƙarƙashinsu. In malami ne, almajiransa su ɗauke masa buta su kai shi rana su komo da shi inuwa. In tsohuwa ce, sai 'yarta da aure ya mutu ta dawo gida, ko kuwa jika.

Jikar nan ita ce ginshiƙin tsarin, kuma riƙo ne ke samar da ita. A ba kaka yarinya tun tana 'yar shekara biyar ko shida, a ce ta taya ta zama. Da fari kaka ce ke rainonta, tana yi mata tatsuniya, suna wasan jika da kaka. Kafin shekara goma ta zagayo, abin ya juye: yarinyar ce ke ɗebo ruwa, ita ke ɗumama shi, ita ke gasa wa tsohuwa gwiwa ta shafa mata man kaɗanya. Baturiyar nan Esther Goody, wadda ta zauna a ƙasar Gwanja tana nazarin riƙo, ta rubuta yadda ake rarraba 'ya'ya tsakanin dangi, da yadda mace in ta tsufa takan bar gidan miji ta koma wurin 'yan uwanta ko 'ya'yanta ta ƙarasa rayuwa. Abin da ta gani wurin Gwanjawa bai yi nisa da abin da muka sani a zango ba.

Kada mai karatu ya ɗauka babu ilimi a cikin wannan. Akwai shi, kuma mai yawa. Sanin cewa wanda ya daɗe a kwance sai ana juya shi, in ba haka ba bayansa ya ɓare ya zama gyambo. Sanin kaurin kunun da mai shanyewar ɓarin jiki zai iya haɗiya ba tare da ya shaƙe ba. Yadda ake yi wa mara lafiya alwala, da lokacin da za a kawo masa ƙasa ya yi taimama. Yadda ake lallashin wadda gigin tsufa ya kama, ta tashi tsakar dare ta ɗaure kaya ta ce za ta tafi gidan ubanta da ya rasu shekara hamsin. Duk wannan koyonsa ake yi, daga hannu zuwa hannu, kamar yadda ɗan maƙeri ke koyon zuga. Bambancin kawai shi ne ɗan maƙeri in ya iya sai a yaye shi ya buɗe tasa maƙerar. Ladan 'yar riƙo kuwa kayan ɗaki ne ranar aure, da albarkar da tsohuwa ta sa mata.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu cika son tunawa ba. Salaga ta ƙarni na 19 kasuwar goro ce, amma kasuwar bayi ce kuma. A gidajen masu hali, cikin Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, aikin da ɗa ke ƙyama bawa ake ba. Turawa sun haramta bauta a yankin bakin teku na Gwalkwas a 1874, a ƙasar Tonawa da Arewa kuwa sai a 1908, amma hana saye da sayarwa bai kawar da buƙatar wanda zai kwashe fo ba. Gurbin baiwa sai 'yar riƙo daga dangi matalauta ta cike shi, daga baya kuma 'yar aiki da aka ɗauko daga ƙauye. A ganinmu nan ne tushen rainin da ke bin wannan aiki har yau: tun asali ana ɗora shi ne a kan wanda ba shi da bakin cewa a'a.

Zango yana da wata matsala tasa ta daban, domin gari ne na baƙi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Yeji, wasu Kumasi bayan da Turawa suka ci ta, wasu Ankara. Da yawansu maza ne da suka baro dangi a Kano ko Katsina ko Sakkwato da niyyar shekara biyu, sai ga furfura. Wanda ya yi aure ya haihu ya tsira. Wanda bai yi ba, maigidan da ya sauke shi tun farko, wanda ke ajiye masa kuɗi yana nemo masa masu sayen shanunsa, shi ne ya zama danginsa. A zaurensa zai kwanta ciwo, daga cikin gidansa za a fito masa da koko, shi zai sayi likkafani. Wannan karamci ne da ya cancanci a rubuta shi da yabo. Amma in mun duba da kyau, maigida ya ɗauki suna ne, aikin kuwa yaran gida da matan gida suka yi shi.

To, ina asibiti a cikin wannan labari?

Turawa sun kafa aikin likita a Gwalkwas domin jami'ansu da sojojinsu tukuna. Nas-nas na farko 'yan ƙasa yawancinsu maza ne da aka koya wa wankin gyambo da rabon magani a bakin aiki, saboda 'yan mata masu ilimin boko ba su da yawa, iyaye kuma ba sa son 'yarsu ta taɓa jikin baƙo. Gwamna Gordon Guggisberg ya buɗe asibitin Korle Bu a 1923. A 1926 aka buɗe asibitin yara na Princess Marie Louise a Ankara, inda likita Cicely Williams ta yi bayanin cutar tamowa da duniya ta sani yau da sunan da mutanen Ga ke kiranta, kwashiyoko. A 1928 aka soma horar da ungozomomin zamani. Makarantar cikakkun nas masu rajista ta fara a Kumasi a 1945, ta koma Korle Bu a 1948, kuma a 1961 Docia Kisseih ta zama 'yar Gana ta farko da ta shugabanci nas-nas na ƙasa.

Duba jerin nan da kyau: gyambo, yara, haihuwa, gadon asibiti. Babu tsufa a ciki, kuma ba za mu ga laifin mutanen wancan zamani ba. A ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 50 ba lokacin samun 'yancin kai, inda ƙyanda da zazzaɓi ke kwashe yara, hankali ya ce a fara da jariri da mai ciki. Haka aka ci gaba bayan 1957: nas-nas na unguwanni da ƙauyuka an horar da su ne kan rigakafi da awon ciki da awon yara. Tsoho kuwa an bar wa dangi, bisa imanin cewa ɗan Afirka ba ya yar da iyayensa. Abin da gwamnati ta tanada wa wanda ba shi da kowa shi ne gidan gajiyayyu na Bekwai a ƙasar Tonawa, ƙarƙashin sashen jin daɗin jama'a, da dokar mabarata da gajiyayyu ta 1969. Ma'ana, a idon hukuma tsohon da ya rasa mai jinya matsalar bara ce.

A wannan shekara ta 1969 ɗin ce, ranar 18 ga Nuwamba, gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Babu inda umarnin ya girgiza kamar zanguna. Gidaje sun rabu biyu, masu gidan baƙi da dama sun tafi, kuma igiyoyin da ke ɗaure baƙo da mai masaukinsa sun tsintsinke. Sai 1983 ta zo da fari da gobarar daji da yunwa, ga kusan mutum miliyan ɗaya da Nijeriya ta koro. Gyaran tattalin arzikin da ya biyo baya ya kawo biyan kuɗi a asibiti, har aka kai ga tsarin nan na sai ka biya kafin a taɓa ka. Matasa suka fara kallon hanyar Libiya da Jamus da Amurka. Farfesa Nana Araba Apt ta Jami'ar Gana, wadda ke cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar HelpAge Ghana a 1988, ta yi ta faɗakarwa, har a littafinta na 1996, cewa dangin da ake dogaro da su sun fara gajiya. A lokacin mutane da yawa sun ɗauki maganarta a matsayin shigo da damuwar Turawa.

Abubuwan da gwamnati ta yi daga baya duk na aljihu ne. Inshorar lafiya ta 2003 ta yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara. Shirin LEAP na 2008 yana ba matalauta 'yan 65 zuwa sama ɗan tallafi. A 2010 aka fitar da manufar ƙasa kan tsufa, aka kuma shafe fiye da shekara goma ana jiran dokar da za ta ba ta haƙora. Fanshon SSNIT kuwa na masu albashi ne, alhali iyayenmu mata masu sayar da waake da koko da tuwo ba su taɓa ganin takardar albashi ba. Katin inshora zai biya kuɗin maganin hawan jini, amma ba zai juya tsohuwa a kan katifa da ƙarfe biyun dare ba.

Kasuwa ce ta fara cike gurbin. Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni masu aika mai jinya gida suka soma bayyana a Ankara, da yawansu waɗanda suka yi aikin a Ingila ko Amurka suka dawo ne suka kafa su. Masu biya su ne 'ya'yan da ke waje, waɗanda suka bar uwa a babban gida a East Legon ko Cantonments ba kowa sai mai gadi. Malama Cati Coe, Ba'amurkiya mai nazarin al'umma, ta bi diddigin wannan sabuwar sana'a shekaru da dama, ta fitar da littafi a kanta a 2021. Abin da ta gano ya isa a tsaya a kansa. Mai jinyar takan shiga gida tana ɗaukar kanta kusa da nas, da farar riga da na'urar awon jini. Mutanen gida kuwa suna kallonta 'yar aiki ce mai tsada, sai su miƙo mata wankin jikoki da sharar tsakar gida. In ta ƙi, a ce ta cika girman kai. In ta yarda, ta koma matsayin da ta biya kuɗin makaranta don ta tsere masa. A asibiti kuma nas-nas ba sa lissafa ta cikinsu.

Makarantun kuɗi masu koyar da aikin mataimakan jinya suka yawaita, kwas na wata shida ko shekara guda, wasu suna kai ɗalibansu jarrabawar hukumar koyar da sana'o'i ta NVTI. Ana koyar da abubuwa masu amfani: gyaran gado da mara lafiya a kai, awon zafin jiki da suga, ɗaga mutum ba tare da ka karya bayanka ba. Sai dai yawancin 'yan matan da ke shiga ba jinyar tsofaffi ta kai su ba. Nas suke so su zama, sakamakon jarrabawar sakandare ya hana su, suka ɗauka wannan ƙofar baya ce. Sai sun gama su tarar satifiket ɗin ba ya buɗe ƙofar kwalejin nas, ba ya kuma sa gwamnati ta ɗauke su aiki. Ita ma gwamnati ta yi irin nata: shirin samar wa matasa aiki na 2006 ya horar da dubbai na 'yan watanni ya tura su asibitoci su taimaka, da wa'adinsu ya ƙare da yawa suka koma gida.

Tsani na gaske yana wani wuri. Mai sakamakon WASSCE mai kyau tana iya shiga kwas ɗin mataimakiyar nas na shekara 2, wanda Majalisar Nas da Ungozoma ke yi wa rajista, ko difiloma ta shekara 3, daga nan digiri, daga nan ƙwarewa. Amma lura da inda matakan suka nufa. Sananniyar hanyar ƙarin karatu ga mataimakiyar nas ita ce ta zama ungozoma. Wato ko wadda ta fi kowa iya tsofaffi, in tana son albashinta ya motsa, sai ta bar su ta koma ɗakin haihuwa. Tsarin da aka gina a 1928 yana nan yana jan mutane zuwa inda aka fuskantar da shi.

Mu kuma a zango ko matakin farko na tsanin bai zo mana da sauƙi ba. Kakanninmu sun guji makarantun mishan don tsoron a sauya wa 'ya'yansu addini, kuma suna da hujja. Sai a 1987 aka kafa sashen ilimin Islamiyya a hukumar ilimi ta ƙasa, wanda ya shigar da makarantunmu cikin tsarin gwamnati. Karatun sakandare kyauta ya zo a 2017. Tsakanin nan an yi asarar zuriya biyu na mata. Waɗanda suka kutsa suka shiga aikin nas kuma sun sha taƙaddamar hijabi, wadda ta yi zafi a 2015 ta sake tashi a 2019. Ga kuma wani abin takaici da ke faruwa a Nima da Mamobi da Aboabo da Asawase: yarinyar da aka ajiye wa kaka ita ce ke makara, ita ke fashin aji ranar asibiti, ita ke gyangyaɗi a jarrabawa. Jinyar da ta iya tun tana 'yar shekara goma ita ce ke hana ta makin da za ta shiga makarantar jinya.

Rashin horo kuma yana da farashin da tsofaffin ke biya. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, amma inda ba a san haka ba, tsohuwar da ke sambatu ko ta fita tsirara da dare sunanta mayya. Sansanin Gambaga yana nan shaida kan inda zargin maita ke kai tsofaffin mata. A Yulin 2020 aka yi wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 dukan mutuwa a Kafaba, kusa da Salaga, a bainar jama'a, bisa wannan zargi. A gidajenmu abin bai cika kai nan ba. Mu namu shi ne kulle ɗaki, da tsawa, da cewa tsohuwa ta cika fitina.

Abin mamaki, aikin da muke rainawa a gida shi ne ya riƙe gidaje da yawa daga waje. A Amurka, dokar gyaran gidajen tsofaffi ta 1987 ta wajabta wa mataimakin jinya horo na aƙalla awa 75 da jarrabawa. Awa 75 ba ta kai mako biyu na cikakken aiki ba, don haka da cacar biza ta buɗe a tsakiyar shekarun 1990, wannan ce sana'ar da baƙo ke iya shiga da wuri. Mutanenmu na Bronx a birnin New York, waɗanda suka kafa ƙungiyar Yankasa da masallacinta, sun san wannan sarai: mata da yawa, da maza ma, sun yi shekaru suna kwana a gidajen tsofaffin Amurkawa. Da kuɗin aka gina benaye a Madina da Kasoa, aka kai iyaye Makka. Can akwai matakai, daga mai jinya a gida zuwa mataimakin nas, zuwa ƙaramin nas na kwas ɗin shekara guda, zuwa cikakken nas. Amma mai aikin awa goma sha biyu, wanda rabin albashinsa ke tafiya gida duk wata, da wuya ya sami sararin hawa. Kuma sau da yawa uwar da ake aiko wa kuɗin tana hannun wata 'yar riƙo ce da ba a biya.

Ingila ta zo daga baya, ta zo da gudu. Bayan ficewarta daga Tarayyar Turai da annobar korona, gidajen tsofaffinta suka rasa ma'aikata, sai a Fabrairun 2022 ta buɗe biza ga masu jinya daga ko'ina. Gana ta shiga sahun ƙasashen da suka fi tura mutane, tare da Indiya da Nijeriya da Zimbabuwe. Ba a neman digiri. Horon farko da suke bayarwa, wanda aka tsara tun 2015, a bakin aiki ake yinsa cikin kamar mako 12, kuma daga nan mutum na iya hawa zuwa babban mai jinya har shugaban gida. Nan take kwas ɗin wata shida ya yi daraja a Ankara da Kumasi, nas-nas masu rajista ma da suka gaji da jiran gwamnati ta tura su aiki suka sauko suka karɓi aikin da ke ƙasa da iliminsu. 'Yan damfara kuma suka shigo. An sayar da filaye da shaguna an sayi takardar ɗaukar aiki da doka ta hana a sayar, mutum ya sauka ya tarar babu aikin. Gwamnatin Ingila da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta ƙwace lasisin kamfanonin jinya fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. A Maris na 2024 ta hana sababbin masu zuwa tafiya da iyali, ranar 22 ga Yulin 2025 kuma ta rufe ɗaukar masu jinya daga waje. Ƙofar ta yi shekara uku da 'yan watanni a buɗe.

Akwai ƙasashen da suka bi wata hanya, kuma ya kamata mu san su ko don mu daina ɗauka cewa haka abin yake ko'ina. Jamus ta mai da jinyar tsofaffi sana'ar da ake koyo shekara 3 bisa doka guda ta ƙasa tun 2003, ɗalibi yana karatu ana biyansa, a 2020 kuma ta haɗe ta da sauran aikin nas, ta yadda mai jinyar tsoho da mai jinyar asibiti takarda ɗaya suke riƙewa. Japan ta kafa lasisin ƙasa na masu wannan aiki tun 1987. Abin da ya fi jan hankalinmu a nasu tsarin shi ne wanda ya shekara 3 yana aikin da hannunsa, in ya ƙara da wani horo, yana da damar zama jarrabawar lasisin. Wato shekarun da aka yi ana wanke tsofaffi ana lissafa su ilimi. Da irin wannan ƙofa tana Gana, mata nawa ne a Sabon Zango da Fadama da suka cika sharaɗin shekarun sau uku?

Abin da ke hannu a yanzu kaɗan ne, amma ba a rasa ba. Dokokin ma'aikatan gida na 2020 sun tanadi rubutacciyar yarjejeniya da hutu ga wanda ke aiki a gidan wani, ko da yake a unguwanninmu har yau da baki ake ɗaukar mutum, da baki ake sallamarsa. Asusun raya zanguna da aka kafa da dokar 2017 yana da koyar da sana'a cikin ayyukansa, sai dai mu da kanmu in an ce sana'a ɗinki da kitso da gyaran waya ke zo mana a rai. Kuma akwai buƙatar da kamfanonin East Legon ba za su iya biya mana ba. Alhajin da ya kwanta yana son namiji ya yi masa wanka. Hajiyar da gigin tsufa ya kama takan manta Turanci da Tuwi ta koma Hausar ƙuruciyarta, ko Zabarmanci, ko Kotokoli, tana son wanda zai tuna mata lokacin salla ya fuskantar da ita alƙibla. Samarinmu da ke zaune a bakin titi suna shan ataya suna da harshen, suna da ƙarfin ɗaga mutum. Kunyar a ce suna kwashe fo ce ta tsaya a tsakani, kunyar da ba ta hana yayyensu yin aikin a Bronx da Manchester ba.

Waɗanda suka tafi Amurka a 1995 suna 'yan shekara 30 yanzu sun kai 60. Wasunsu sun fara dawowa gidajen da suka gina, da ciwon baya da ɗan fansho, 'ya'yansu kuwa suna can ba su da niyyar biyo su. Su ne rukuni na farko a cikinmu da suka san bayan awa nawa ake juya mai kwance, suka san yadda ake rubuta abin da ya ci da maganin da ya sha, suka kuma san nawa ake biyan wanda ya iya. Nan da shekara goma ko sha biyar su ne za su nemi mai jinya, kuma jikokin da za a ba su riƙo suna makaranta a New York.